ALLURA TA TONO GARMA: RUBUTUN 'YAN MATAN AMURKA A KAN ƘYALLE

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2012, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin Niyok ya sayar da wani ɗan ƙyalle a kan dalar Amurka 1,070,500. Wata yarinya ce mai suna Mary Antrim, 'yar yankin Burlington a jihar New Jersey, ta zauna da allura da zaren siliki ta ɗinka shi a shekarar 1807 a matsayin aikin makaranta. Duk wanda ya ji wannan labari, abu na farko da zai ce shi ne masu kuɗin Amurka sun rasa abin yi da kuɗinsu. Mai yiwuwa da gaskiyarsa. Amma ni abin da ya dame ni a nan shi ne matsayin irin waɗannan ƙyallaye a wurinmu, mu ɗaliban harshe. A nawa ra'ayin, rubutu ne cikakke, wanda ya cancanci a karanta shi a yi nazarinsa kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwar takarda. Sai dai karatun nasa yana buƙatar lura, domin mai gaggawa yakan karanto abin da ba shi aka rubuta ba. Wannan shi ne abin da nake son in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan taƙaitaccen sharhi.

Mene ne ƙyallen samfur?

Sunan wannan ƙyalle a Ingilishi ɗan'uwa ne ga kalmar nan da Hausa ta aro ta mayar da ita "samfur", kuma dukkansu sun samo asali daga wata kalmar Latin mai ma'anar misali ko abin koyi. Don haka zan riƙa kiransa ƙyallen samfur. Tun asali a Turai, lokacin da littattafan zane suke da wuyar samu, mace takan keɓe wani dogon ƙyalle siriri, duk sabon salon ɗinkin da ta gani sai ta ɗinka kaɗan a jikinsa don kada ta manta, ta naɗe ta ajiye. Wato littafin tunatarwa ne na masu aikin allura. Mafi tsufa da aka sani a Ingila mai ɗauke da suna da shekara shi ne na Jane Bostocke, na shekarar 1598, wanda ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Turawan da suka ƙetara teku zuwa Amurka sun tafi da wannan al'ada. Mafi tsufa da aka sani a can mai ɗauke da suna shi ne na Loara Standish, 'yar Kyaftin Myles Standish, ɗaya daga cikin waɗanda suka sauka a jirgin Mayflower a 1620. Ta yi shi a wajejen tsakiyar ƙarni na 17, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Pilgrim Hall a garin Plymouth.

Zuwa ƙarni na 18, ƙyallen ya tashi daga abin tunatarwa ya koma darasin makaranta, kuma mataki biyu ake bi. Da farko, yarinya tun tana 'yar shekara biyar zuwa takwas, a gida ko a wurin wata dattijuwa mai koyar da yaran unguwa, takan ɗinka haruffa daga farko har ƙarshe da lambobi a kan yadin lilin, galibi da ɗinkin gicciye. Amfanin wannan a fili yake. A wancan zamani yadi dukiya ne mai tsada, don haka kowane zanen gado da tawul da adiko ana ɗinka masa haruffan farko na sunan mai shi da lamba, domin a san na wane ne, kuma a iya ƙirgawa idan an dawo daga wanki. Mataki na biyu kuwa sai 'yar da iyayenta ke da hali. Ita akan tura ta makarantar 'yan mata, inda za ta shafe watanni tana ɗinka babban ƙyalle mai hotunan gidaje da itatuwa da furanni da dabbobi, da baitocin wa'azi, sannan a ƙasa ta sa sunanta da shekarunta da shekarar da ta gama. Shi wannan ba a amfani da shi. Firam ake yi masa da gilashi a rataye a falo, baƙi su gani su san an kashe wa yarinya kuɗi, kuma ta isa riƙe gida.

Me ya sa na kira shi rubutu?

Hujjata ta farko ita ce yadda ake koyar da yara a wancan lokaci. A yau mun saba da koyon karatu da rubutu a tare, amma a yankin New England na zamanin mulkin Ingila abubuwa biyu ne daban. Dokar Massachusetts ta 1642 ta wajabta a koya wa yara karatu, domin su iya karanta littafin addini da dokokin ƙasa. Rubutu da alƙalami kuwa ana ɗaukarsa kamar sana'a ce, wadda namiji zai buƙata a harkar ciniki da lissafi, kuma malaminta daban ne. E. Jennifer Monaghan ta yi bayanin wannan a littafinta na 2005 a kan koyon karatu da rubutu a Amurka ta wancan zamani. Sakamakon haka, mata da yawa suna karatu sarai amma ba a taɓa damƙa musu alƙalami ba. Lokacin da Kenneth Lockridge ya auna yawan masu ilimi a littafinsa na 1974, sa hannu a kan wasiyya ya ƙirga, sai ya sami mata a baya ƙwarai. To amma yarinyar da ta ƙirga zaren yadi ɗaya bayan ɗaya ta fitar da kowane harafi, babba da ƙarami, ta haɗa su suka ba da sunanta da na garinsu, da wane suna za mu kira abin da ta yi idan ba rubutu ba? Idan ma'auninmu alƙalami ne kawai, to kuskuren na ma'aunin ne.

Hujja ta biyu ta fi kusa da fagenmu. Ƙyallen yana adana yanayin harshe na ranar da aka yi shi. A yawancin tsofaffin ƙyallaye za a tarar babu harafin J a jerin haruffa, wani lokaci har da U, saboda an daɗe ana ɗaukar I da J harafi ɗaya ne mai siffa biyu, haka ma U da V. Akan kuma ga doguwar s, wadda mai karatun yau zai ɗauka f ce, wadda masu ɗab'i suka yi watsi da ita a wajejen 1800. Ga bambancin ƙa'idar rubutu daga wannan makaranta zuwa waccan, a daidai lokacin da Noah Webster yake fafutukar daidaita Ingilishin Amurka, tun daga littafinsa na koyon haɗa baƙi na 1783 har zuwa babban ƙamusunsa na 1828. Ga kuma raba kalma a duk inda yadi ya ƙare, ko da a tsakiyar gaɓa ne. Ɗalibin Hausa ya san darajar irin wannan shaida, domin da ganin yadda aka rubuta ɓ da ɗ da ƙ a tsohon bugu mukan gane ko kafin a tsayar da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 aka buga shi. Fifikon ƙyallen shi ne yana zuwa da sunan mai shi da shekarunta da kwanan wata, sau da yawa har da gari. Duk mai binciken tarihin harshe ya san samun waɗannan huɗun a kan abu ɗaya ba ƙaramin rabo ba ne.

Hujja ta uku ita ce suna. A ƙarƙashin dokar da Amurka ta gada daga Ingila, mace idan ta yi aure dukiyarta da sa hannunta sukan koma ƙarƙashin mijinta, sunan gidansu ma ta bar shi. Sai a 1839 jihar Mississippi, sannan Niyok a 1848, suka fara dokokin da suka ba matar aure ikon mallaka. Saboda haka takardun filaye da na kotu da na haraji cike suke da sunayen maza. Mata da dama, in ban da rajistar coci da dutsen kabari, wurin da kawai sunansu na yarinta ya tsira shi ne wannan ƙyalle, kuma a nan ne kaɗai su da kansu suka rubuta shi. Wasu ma sun ɗinka tarihin gidansu gaba ɗaya: ranar auren iyaye, ranar haihuwar kowane ɗa, da ranar rasuwar waɗanda suka rasu suna jarirai.

Amma maganar wa ke ciki?

A nan ne masu sukar wannan ra'ayi suke da ƙarfi, kuma bai kamata a raina su ba. Cewa suke yi, yarinyar ba ta ƙagi komai ba. Baitocin daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko su, ko daga waƙoƙin yara na Isaac Watts da aka fara bugawa a 1715, ko daga mawaƙa irin su Alexander Pope. Jigoginsu kuma ba su wuce biyayya ga iyaye, da gudun lalaci, da tuna mutuwa ba. Yarinya 'yar shekara tara ta zauna tana ɗinka baiti a kan kabarinta, ai kowa ya san ba ita ta zaɓa ba. Zanen ma malama ce take tsarawa.

Wannan gaskiya ne, kuma bincike ya tabbatar da shi. Betty Ring, wadda ta shafe shekaru tana bin diddigin waɗannan ƙyallaye har ta fitar da littafinta mai juzu'i biyu, Girlhood Embroidery, a 1993, ta nuna cewa idan aka jera ƙyallayen gari ɗaya za a ga hannun malama ɗaya a cikinsu. Alal misali, 'yan makarantar Mary Balch a garin Providence na jihar Rhode Island an san su da ɗinka manyan gine-ginen garin a tsakanin ginshiƙai biyu. 'Yan makarantar Westtown ta mabiya ɗariƙar Kwaka a Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1799, su kuma an san su da sauƙin ado da tsabtar haruffa, daidai da aƙidarsu ta gudun ƙawa.

Abin da wannan suka ya rushe shi ne karatun masu son zuciya, waɗanda ke kallon ƙyallen suna cewa ga abin da ke cikin ran yarinya. Bai rushe kasancewarsa rubutu ba. Magatakardan da ya kwafi littafin wani ai rubutu ya yi, kuma daga kwafinsa muke gane makarantar da ya fito da abin da ake karantawa a zamaninsa. Haka ƙyallen yake: manhajar karatu ce da ta tsira. Yana gaya mana abin da manya suke so yarinya ta zama, da kalmomin da suka ga ya dace a dasa mata tun icce yana ɗanye. Bugu da ƙari, ya tono mana wasu matan da tarihi ya binne, wato malaman kansu, waɗanda yawancinsu zawarawa ne ko waɗanda ba su yi aure ba, suna ci da kansu da wannan sana'a a lokacin da hanyoyin neman abinci na mace ba su da yawa. Ita kuwa yarinyar, akan hango ta ne a inda ba a shirya ba: harafin da ya juya baya, zaren da ya ƙare aka ci gaba da wani launi, layin da aka matse don wuri ya ƙare. Akwai ma ƙyallayen da aka tsefe lambobin shekara daga jikinsu daga baya, abin da masana ke dangantawa da mai shi ta girma ba ta son baƙi su lissafa shekarunta.

Su wa aka bari a baya?

Suka na biyu ya fi na farko nauyi. Babban ƙyalle mai ado kayan 'ya'yan masu hali ne. Zaren siliki daga waje ake kawo shi, darasin ɗinkin ado kuɗinsa daban ne a kan kuɗin makaranta, ga kuɗin firam da gilashi. 'Yar talaka tana ɗinki ita ma, har ta fi, amma riguna da faci take yi, waɗanda ake sawa har su mutu. 'Yan matan da ke cikin bauta a jihohin kudu sun yi ɗinkin gidajen iyayengijinsu ba tare da sunansu ya hau ko ɗaya ba. Tun a 1740 dokar South Carolina ta haramta koya wa bawa rubutu, wasu jihohin kudu kuma suka tsananta irin wannan doka a shekarun 1830. Saboda haka duk wanda ya tara ƙyallayen nan ya ce ga tarihin 'yan matan Amurka, ya faɗi wani yanki ne kawai.

Wannan ne ya sa 'yan kaɗan ɗin da baƙaƙen yara suka yi suke da daraja ta musamman a wurina. Akwai na Rosena Disery, ɗaliba a makarantar African Free School ta birnin Niyok, wadda ƙungiyar masu neman 'yanta bayi ta kafa a 1787. Ta ɗinka nata a 1820, da baiti a kan gaskiya, shekara bakwai kafin bauta ta ƙare gaba ɗaya a wannan jiha a 1827. Akwai kuma na 'yan makarantar da sistocin Katolika baƙaƙen fata, wato Oblate Sisters of Providence, suka gudanar a Baltimore, ƙungiyar da aka kafa a 1829, a jihar da ake bauta a lokacin. A hannun waɗannan yara, ɗinka haruffa da suna hujja ce a gaban masu cewa baƙar fata ba ta iya ɗaukar ilimi.

Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. 'Yan mishan sun kai wannan darasi makarantunsu na 'ya'yan ƙabilar Cherokee, takwarorinsu na Ingila kuma suka kawo shi Afirka ta Yamma, inda 'yan matan da aka kuɓutar daga jiragen bayi suka ɗinka irinsa a Saliyo. A irin waɗannan wurare, haruffan Ingilishi ne, baitin Ingilishi ne, sau da yawa sunan da yarinyar ta ɗinka ma ba shi iyayenta suka raɗa mata ba. Ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani, domin ƙyalle ɗaya yana nuna ilimin da yarinya ta samu, yana kuma nuna harshen da aka raba ta da shi.

Mari ne ko tsani?

Rozsika Parker, a littafinta The Subversive Stitch na 1984, ta nuna yadda aka yi amfani da aikin allura wajen horar da mace ta zauna shiru, kai a sunkuye, da yadda mata suka riƙa juya shi ya zama nasu. Ni ina ganin a Amurka ƙyallen ya yi aikin biyun, amma ƙarshensa tsani ya zama. Dalilina shi ne, uban da ba zai biya kuɗi don 'yarsa ta koyi labarin ƙasa ba, yakan biya don ta dawo da abin ratayewa a falo. Malamai masu hangen nesa sun gane haka. A makarantar Sarah Pierce da ke Litchfield a jihar Connecticut, wadda ta fara a 1792, ana koyar da tarihi da labarin ƙasa tare da ɗinki, kuma a nan Harriet Beecher Stowe ta yi karatu. 'Yan matan Westtown har ƙwallon taswirar duniya suka riƙa ɗinkawa da siliki, da layukansa da sunayen ƙasashe. Allura ce ta buɗe ƙofa, littafi ya biyo baya.

Da littafin ya zauna da gindinsa, sai aka daina buƙatar allurar. Emma Willard ta buɗe makarantarta a Troy a 1821 da manhaja mai lissafi da kimiyya, Mount Holyoke ta biyo baya a 1837, makarantun gwamnati suka yawaita. Tawadar da ba ta fita a wanki ta rage buƙatar ɗinka suna a zanen gado, masaƙu suka karya farashin yadi, keken ɗinki na Singer ya fito a 1851. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 al'adar ta ja baya ƙwarai. Ban ga abin kuka a nan ba. Masu begen wancan zamani su tuna cewa watannin da yarinya ta yi tana ƙirga zare, ɗan'uwanta namiji yana koyon lissafi da Latin ne.

Kasuwa da gidan tarihi

Mu koma kan dala miliyan ɗin nan. Kasuwa tana da amfaninta, domin tsada ta sa mutane sun daina jefar da abin da suka tsinta a tsohon akwati. Ƙyallen Mary Antrim ma daga tarin Betty Ring ya fito. Amma ma'aunin kasuwa kyau ne da launi da ƙarancin samu. Ƙyallen haruffa zalla, wanda ya koɗe, na 'yar wani ƙauye, ba ya kuɗi, alhali ga mai nazarin harshe yana iya fin mai ado amfani. Kuma abin da attajiri ya saya ya kulle a ɗakinsa ya fita daga hannun ɗalibai.

Shi ya sa nake ganin waɗanda suka fi cancantar yabo su ne masu rajista. A 1921 Ethel Stanwood Bolton da Eva Johnston Coe suka buga American Samplers, inda suka tattara bayanin ƙyallaye fiye da 2,500, suka kwafe baitocinsu. A wannan ƙarni kuma jami'o'in Delaware da Oregon sun haɗa hannu wajen ɗaukar hotunan ƙyallaye da bayanansu don a same su a intanet. Ƙyalle ɗaya abin sha'awa ne kawai, amma idan aka jera dubu aka san garin kowanne da shekararsa, sai a iya cewa ga lokacin da harafi kaza ya shigo, ga baitin da ya yi tashe, ga inda malama kaza ta koyar.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, darussa uku nake so mu ɗauka. Na farko, mu faɗaɗa abin da muke kira matani. Harshe ba a littafi kaɗai yake kwana ba, kuma waɗanda aka hana alƙalami sukan bar sawunsu a wani wuri. Na biyu, kada mu raina kwaikwayo, musamman mu da muke koyon harshe, domin kowa da shi ya fara. Amma mu riƙa tambaya wa ya zaɓi abin da ake kwaikwaya, kuma da wace manufa. Na uku, duk abin da muka tattaro a bincikenmu, waƙa ce ko tatsuniya ko tsohuwar wasiƙa, mu rubuta sunan wanda ya ba mu, da garinsa, da shekarunsa, da ranar da muka karɓa. Waɗannan 'yan bayanai da malamai suka sa yaran nan ɗinkawa a ƙasan ƙyalle su ne suka sa, bayan shekara ɗari biyu, ake iya sanin ko su wane ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.